Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke Zaɓen Abokin Takarar Shugaban Ƙasa, Kuma da Wane Ma'auni?

Sashe na 66 na kundin tsarin mulkin Gana ya taƙaita shugabanci ga wa'adi biyu, don haka Shugaba John Dramani Mahama ba zai sake tsayawa a 2028 ba. Wannan ya sa maganar wa zai tsaya da wa ta dawo majalisun shayi na unguwannin zango irin su Nima da Aboabo tun da wuri. Wasiƙun da suka zo mana a kan batun mun haɗa masu kama da juna, mun kuma taƙaita su.

Assalamu alaikum. Mun yi gardama a shago. Wasu sun ce jam'iyya ce ke zaɓen mataimaki, wasu sun ce ɗan takara ne shi kaɗai. Wanne ne daidai, kuma yaya ake yi? Daga wani tela a Aboabo, Kumasi.

Wa alaikumus salam, Malam. A doka, ɗan takara ne ke zaɓe. Sashe na 60 na kundin 1992 ya ce mai neman shugabancin ƙasa shi zai ayyana wanda zai zama mataimakinsa kafin ranar zaɓe, sashe na 63 kuma ya sa sunan mataimakin cikin sharuɗɗan takardar tsayawa takara. Takardar da babu wannan suna a cikinta ba ta cika ba. Ba a kaɗa wa mataimaki ƙuri'a daban. Idan wanda ya ɗauko shi ya ci, shi ma ya ci.

Amma kafin a isa Hukumar Zaɓe akwai dokar cikin gida ta jam'iyya, kuma nan ne abokan gardamarka suke da hujja. A NPP, ɗaya daga manyan jam'iyyun Gana biyu, ɗan takara yana fitar da suna ne da shawarar majalisar ƙoli ta jam'iyya. A NDC, jam'iyyar Mahama, yana kai sunan gaban majalisar dattawan jam'iyya, sannan gaban kwamitin zartarwa na ƙasa. Ɗan takara mai hankali ba ya shiga waɗannan zauruka sai ya riga ya gama magana da manyan da za su zauna a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Wanda za a ƙi, tun a falon dattawa ake ƙinsa, ba a ranar taro ba.

Aikin kansa yakan fara da jerin sunaye, wasu ɗan takara ne ya rubuta, wasu kuma 'yan kamun ƙafa ne suka kawo: shugabannin jam'iyya na yankuna, 'yan majalisa, masu ba da kuɗin kamfe, malaman addini, ƙungiyoyin mata da na matasa. Sai a tura masu jin ra'ayin jama'a su gwada sunayen a yankunan da ake tsoron faɗuwa. Daga nan a rage su zuwa 'yan kaɗan, lauyoyi su duƙufa a kan takardun kowane ɗaya. Bayan haka ɗan takara ya zauna da mutumin su biyu, ya tambaye shi abin da takarda ba ta faɗa: bashin da ke kansa, shari'ar da ke tafe, lafiyar jikinsa, da ko yana da niyyar neman kujerar shugaba nan gaba.

Akwai mataki guda da ake yawan rainawa, shi ne sanar da waɗanda ba a ɗauka ba. Duk wanda sunansa ya yi yawo a rediyo na tsawon watanni yana da magoya baya da suka riga suka buga riguna suka kuma yi alkawura. Idan a rediyon ya ji an ɗauki wani, ba lallai ya fito ya yi faɗa ba. Zai janye motocinsa da kuɗinsa da yaransa daga kamfe, kuma ba za a gane ɓarnar ba sai ranar ƙidaya. Dole ɗan takara ya je masa da kansa kafin sanarwa.

Lokacin sanarwa ma shawara ce mai nauyi. A zaɓen 2024 Mahama ya bayyana Farfesa Jane Naana Opoku-Agyemang tun watan Maris. Dakta Mahamudu Bawumia, mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, ya ci zaɓen fidda gwani na NPP ranar 4 ga Nuwamba 2023, ya nemi jam'iyyarsa ta ƙara masa lokaci, bai fitar da Dakta Matthew Opoku Prempeh ba sai watan Yuli 2024. Sanarwa da wuri tana ba da lokacin lallashin masu fushi da rarraba aikin kamfe. Jinkiri yana sa duk masu sa rai su ci gaba da aiki tuƙuru, amma yana ba su damar yaƙar juna a kafafen labarai, kuma raunin da suka ji wa juna ba ya warkewa kafin Disamba.

Ranar gabatar da mutumin ga jama'a ita ma sai an yi hattara, domin ranar ce ƙasa gaba ɗaya take sauraronsa karon farko a sabon matsayi. Da aka gabatar da Opoku Prempeh a filin Jubilee na nan Kumasi ranar 9 ga Yuli 2024, ya ce babu shugaban da ya yi wa Gana aiki kamar Akufo-Addo, shugaban ƙasa na lokacin, har da Kwame Nkrumah. Maganar ta cinye labarin taron, ta ɓata ran mutane musamman a ƙasar Nzema inda Nkrumah ya fito, har sai da ya nemi afuwa. Jawabin farko a rubuta shi, a karanta shi a gaban mutanen da za su iya cewa a cire wannan layin.

Ƙarshen aikin takardu ne. Ana bukatar sa hannun masu rajistar zaɓe aƙalla 2 daga kowace gunduma. Gundumomi 261 ne, ke nan mutum 522 ne mafi ƙaranci. A 2024 kuɗin ajiye takarda sidi 100,000 ne, mata da masu buƙata ta musamman kuma 75,000. A 2016 Hukumar Zaɓe ta fitar da 'yan takara fiye da 10 saboda kurakurai a waɗannan takardu, wasu sai da suka je kotu kafin aka mayar da su.

Ni malamin makaranta ne. An haifi kakana a Sabon Zango, amma asalinmu Kano. Ɗan zango irina zai iya zama abokin takara, ko za a ce baƙo ne? Daga wani mai karatu a Nima, Ankara (Accra).

Zai iya, Malam, kuma muna so matasan zango su riƙe wannan amsa da hujjarta. Sharuɗɗan mataimaki su ne dai sharuɗɗan shugaba, suna sashe na 62: ya zama ɗan Gana ta hanyar haihuwa, ya cika shekara 40, ya kuma cancanci zama ɗan majalisa. Babu maganar ƙabila, babu maganar yare, babu inda aka ce sai mutum yana da ƙauyen asali a cikin Gana.

Zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa ba ya nufin an haife ka a ƙasar Gana kawai. Ana bin iyaye da kakanni ne, kuma ƙa'idar ta danganta da lokacin da aka haifi mutum. Dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar 2000 ta ce wanda aka haifa a Gana kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne ta haihuwa idan an haifi ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a Gana. Wanda aka haifa bayan kundin 1992 ya fara aiki kuwa, ya isa a ce ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. Hausawa sun zauna a wannan ƙasa tun zamanin fataucin goro a Salaga, wasu kuma sun shigo cikin rundunar Turawa tun shekarun 1870. Gidajen da ke Sabon Zango da Tudu da tsohon zangon Kumasi da yawa sun kai zuriya huɗu ko biyar a nan. Wanda ya sami zama ɗan ƙasa ta hanyar rajista ko neman izini shi ne ba zai iya riƙe wannan kujera ba.

Matsalar da ke kama mutanenmu ba doka ba ce, takarda ce. Kakanni da yawa ba a yi musu rajistar haihuwa ba. Korar baƙi ta 1969 a zamanin Firaminista Busia ta tarwatsa gidaje, takardu suka salwanta, wasu suka tafi Najeriya ko Nijar suka dawo da 'ya'yan da aka haifa can. Wanda yake da burin siyasa ya fara tattara shaidarsa tun yana ƙarami a jam'iyya: takardar haihuwarsa, ta iyayensa idan akwai, tsohon fasfo, takardun fili ko na gida masu sunan kaka, rajistar makaranta. Kada ya jira ranar da abokin hamayya ya shigar da ƙara.

Sai maganar suna, wadda ta fi shafarmu fiye da kowa. Mutum ɗaya sai ka ga takardar firamare ta ce Abdulai, ta sakandare ta ce Abdullah, fasfo ya ce Abdullahi. Yusuf ya koma Issifu, Muhammad ya koma Mohammed ko Mahama, wani ya ƙara sunan kaka a jami'a. A Najeriya irin wannan ya taɓa cinye kujerar gwamna sukutum. Ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe rantsuwa, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon a Jihar Bayelsa, ba don laifinsa ba, sai don sunayen da ke takardun mataimakinsa sun saɓa wa juna. Tikiti ɗaya ne, aibin ɗaya ya kayar da duka biyu. Dokar Gana daban ce, amma darasin ya shafe mu. Gyaran shi ne a yi rantsuwar doka cewa sunayen duka na mutum ɗaya ne, a buga a Gazet ta gwamnati, a kuma daidaita katin ɗan ƙasa da katin zaɓe da fasfo.

Fasfo biyu ma tarko ne. Sashe na 94 ya hana wanda yake da mubaya'a ga wata ƙasa tsayawa takara. Fara neman sakin wancan fasfo bai isa ba, sai an kammala an karɓi takardar shaida kafin ranar ajiye takardar takara. A kan haka ne Kotun Ƙoli ta cire James Gyakye Quayson daga kujerar Assin North a watan Mayu 2023, saboda zamansa ɗan Kanada bai gama warwarewa ba lokacin da ya ajiye takarda, ko da yake ya sake cin kujerar a zaɓen cike gurbi. 'Yan'uwanmu da ke Jamus da Ingila da Amurka masu shirin dawowa siyasa su lura, sakin fasfo yana ɗaukar watanni.

Sauran sharuɗɗan: ya biya harajinsa ko ya yi yarjejeniyar biya, kada kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye da bashi, kada a taɓa kama shi da laifin cin amanar ƙasa ko zamba ko maguɗin zaɓe. Ga ɗan majalisa, afuwar shugaban ƙasa ko wucewar shekara 10 tana iya wanke irin wannan tabo. Ga shugaba da mataimakinsa ba ta wankewa. Ma'aikacin gwamnati, soja, ɗan sanda, dole ya ajiye aiki. Sarki ma sai ya sauka daga karagarsa, domin sashe na 276 ya hana sarakuna siyasar jam'iyya.

Ina sayar da atamfa a kasuwa. Ana cewa dole idan ɗan takara Kirista ne ya ɗauki Musulmi, idan ɗan kudu ne ya ɗauki ɗan arewa. Doka ce? Kuma da gaske yana kawo ƙuri'a? Daga wata Hajiya a Alabar, Kumasi.

Hajiya, ba doka ba ce. Abin da kundi ya ce a sashe na 55 shi ne jam'iyya ta zama ta ƙasa baki ɗaya, kada a gina ta a kan ƙabila ko addini ko yanki. Haɗa kudu da arewa al'ada ce da lissafin ƙuri'a ya haifar. Sai ɗan takara ya sami fiye da rabin sahihan ƙuri'u yake cin zaɓe, in ba haka ba a sake zagaye cikin kwana 21. Babu yanki ɗaya ko ƙabila ɗaya da za ta ba shi wannan. A 2008 ratar da ke tsakanin Farfesa John Evans Atta Mills da Nana Akufo-Addo a zagaye na biyu ba ta kai ƙuri'a 41,000 ba, sai da aka jira mazaɓar Tain kafin a san wanda ya ci. Wanda ya ga irin wannan ba zai raina ko unguwa ɗaya ba.

Al'adar ta girmi Jamhuriya ta Huɗu, wato tsarin mulkin da kundin 1992 ya kafa. A 1979 Dakta Hilla Limann, mutumin Gwollu can arewa maso yamma, ya ɗauki J. W. S. de Graft-Johnson daga bakin teku. NPP, wadda ƙarfinta ke Asante da Yankin Gabas, ta fi kowa riƙe haɗin Kirista da Musulmi. Adu Boahen ya ɗauki Roland Issifu Alhassan a 1992. Kufuor ya ɗauki Alhaji Aliu Mahama a 2000, wanda ya zama Musulmi na farko a kujerar mataimaki. Akufo-Addo ya tafi da Bawumia sau huɗu, daga 2008 zuwa 2020. Da Bawumia ya zama ɗan takara sai aka juya, Musulmin arewa ya ɗauki Kirista ɗan Asante. NDC ta fi kallon yanki fiye da addini. Mills ya ɗauki Martin Amidu a 2000, Alhaji Muhammad Mumuni a 2004, Mahama a 2008. Tun daga 2008 duk tikitinta Kirista da Kirista ne, kuma ta ci zaɓe uku da shi, tana kuma cin mazaɓun da zango ya fi yawa irin su Asawase da Ayawaso ta Gabas.

To yana kawo ƙuri'a? Yana kawowa, amma ba kamar yadda masu kamun ƙafa ke faɗa ba. Dubi Yankin Tsakiya, na Cape Coast. A 2016 Paa Kwesi Amissah-Arthur, ɗan yankin, yana kan tikitin NDC, kuma NDC ta faɗi a can. A 2020 Opoku-Agyemang, ita ma 'yar yankin, tana kan tikiti. NDC ba ta ci yankin a ƙuri'ar shugaba ba, amma kujerunta na majalisa sun tashi daga 4 zuwa 13 cikin 23. A 2024 ta ci yankin. A 2024 ɗin NPP ta ɗauki Opoku Prempeh, ɗan majalisar Manhyia ta Kudu a Kumasi, don ta tsare Asante. Ta ci Asante, amma ƙuri'unta a yankin sun ragu da dubban ɗaruruwa idan aka gwada da 2020, domin mutanenta da yawa ba su fito ba. Tsadar rayuwa da faɗuwar sidi sun fi sunan mataimaki nauyi a zuciyar mai zaɓe. Inda abokin takara ya fi tasiri shi ne idan an bar shi ya yi shekaru yana gina yanki, kamar yadda Bawumia ya yi ta zagayen arewa zaɓe bayan zaɓe har NPP ta faɗaɗa a can. Wanda aka ɗauko saura wata biyar ba zai iya wannan ba.

Ra'ayinmu a nan a fili yake. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Gana, kuma neman a ga namu a sama ba abin kunya ba ne. Yaron da ke makarantar allo a Aboabo yana ganin mai suna irin nasa a fadar gwamnati, wannan yana da daraja. Amma idan shugabannin zango suka je gaban ɗan takara suka nemi suna kaɗai, sun sayar da ƙuri'armu da arha. Musulmi ya riƙe kujerar mataimaki shekara 16 cikin Jamhuriya ta Huɗu, an kafa ma'aikatar raya zango da asusunta a 2017, amma duk damina ana fargabar babban kwalbatin Nima da rafin Aboabo, 'ya'yanmu kuma suna shan tambayoyi a wurin yin fasfo da katin ɗan ƙasa. A nemi suna, a kuma nemi alkawari a rubuce: nawa za a sa a kasafin kuɗi, wace makaranta, wane asibiti, a wace shekara. Mata kuma, Hajiya, ƙofa ta buɗe. Ranar 7 ga Janairu 2025 aka rantsar da mace ta farko a wannan kujera, tsohuwar shugabar Jami'ar Cape Coast kuma tsohuwar ministar ilimi.

Idan shugaba da mataimakinsa suka ɓata, zai iya korarsa kamar yadda yake korar minista? Daga wani direba a Madina.

Ba zai iya ba, ɗan'uwa, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa zaɓen abokin takara ya fi naɗa minista haɗari. Hanyar tsige shugaba ita ce hanyar tsige mataimaki, tana sashe na 69. Sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun sa hannu a takardar zargi, wato 92 cikin 276 na yanzu. Kakakin Majalisa ya sanar da Alƙalin Alƙalai, shi kuma ya zauna da manyan alƙalan Kotun Ƙoli 4 su duba ko zargin yana da tushe. In sun ce yana da shi, sai kashi biyu cikin uku na majalisa, wato 184, sun amince a ƙuri'ar sirri.

Gana ta taɓa ɗanɗana wannan. A 1992 Jerry John Rawlings ya ɗauki Kow Nkensen Arkaah ba don sun saba ba, sai don jam'iyyar Arkaah, NCP, ta shiga ƙawance da NDC. Zaman bai yi daɗi ba. A taron ministoci na 28 ga Disamba 1995 aka yi rikici, Arkaah ya fito ya ce shugaba ya kai masa hannu, ɓangaren gwamnati ya musanta. Duk da haka ya ci gaba da zama mataimaki har ƙarshen wa'adi, kuma a zaɓen 1996, yana kan kujerar, ya zama abokin takarar Kufuor, yana yaƙar gwamnatin da yake ciki. A Najeriya Obasanjo ya yi yunƙurin raba Atiku Abubakar da kujerarsa bayan ya sauya jam'iyya, Kotun Ƙoli ta ce a 2007 ba shi da wannan iko. Duk abokin takarar da ƙawance ya ɗora wa mutum, a tambaya tun farko: idan ƙawancen ya watse, da wa zai tsaya?

Mene ne ainihin aikin mataimaki? Na ji Bawumia ya ce shi yaron mota ne kawai. Daga wata ɗaliba a Jami'ar Legon.

Ya faɗa, a jawabinsa na watan Fabrairu 2024, yana nufin sitiyari ba a hannunsa yake ba. A fuskar doka akwai gaskiya a ciki. Sashe na 60 ya ce mataimaki zai yi aikin da kundi ko shugaba ya ba shi. Abin da kundi ya ba shi kaɗan ne: yana cikin majalisar ministoci da majalisar tsaron ƙasa, yana jagorantarsu idan shugaba ba ya nan, yana riƙon ƙasa idan shugaba ya yi tafiya, yana iya shiga zauren majalisar dokoki ya yi magana amma ba ya kaɗa ƙuri'a. Da farko shi ne shugaban majalisar sojoji da ta 'yan sanda da ta gidajen yari. Gyaran kundi na 1996, bayan rikicin Arkaah, ya cire wannan tabbaci ya mayar da zaɓin hannun shugaba. Jagorancin kwamitin tattalin arziki da aka saba ba mataimaki al'ada ce kawai. A farkon mulkin Kufuor babban minista J. H. Mensah ne ya riƙe shi.

Don haka wanda aka yi wa tayi ya yi cinikinsa kafin sanarwa, lokacin da ake bukatarsa: wane fanni zai riƙe, ma'aikata nawa, zai ga shugaba kai tsaye ko sai ta hannun shugaban ma'aikatan fada. Ya kuma lissafa abin da zai bari. Bawumia ya bar kujerar mataimakin gwamnan Babban Banki saboda takarar 2008 kuma tikitin ya faɗi. Opoku Prempeh ya bar ma'aikatar makamashi da takarar Manhyia ta Kudu a 2024. Kujerar ba ta kuma tabbatar da gado. Aliu Mahama ya yi shekara 8 a kai, ya nemi tutar NPP a 2007 bai samu ba. Bawumia ya sami tuta, amma masu zaɓe ba su raba shi da aikin gwamnatin da ya zauna a ciki ba.

Allah ya kiyaye, idan ɗayansu ya rasu fa? Daga wani limami a Fadama.

Amin, Allah ya gafarta Malam. Wannan ita ce tambayar da ya kamata ɗan takara ya fara yi wa kansa kafin lissafin yanki da addini, domin ta taɓa faruwa. Ranar 24 ga Yuli 2012 Shugaba Mills ya rasu da rana a asibitin sojoji na 37. Kafin a kwanta barci a daren an rantsar da Mahama a zauren majalisa. Babu zaɓe, babu riƙon ƙwarya, mataimaki ya zama cikakken shugaba har ƙarshen wa'adi. Mutumin da aka ɗauko don ya kawo ƙuri'ar wani yanki zai iya wayar gari yana babban kwamandan sojoji, yana sa hannu a kan bashin ƙasa. Idan ɗan takara ba zai iya natsuwa da wannan ba, kada ya ɗauke shi, ko da ƙuri'a nawa zai kawo.

Sabon shugaban shi ke zaɓen mataimaki, majalisa ta amince. Haka Mahama ya kawo Amissah-Arthur, gwamnan Babban Banki a lokacin, aka rantsar da shi ranar 6 ga Agusta 2012. Akwai kuma lissafin wa'adi. Idan abin da ya rage wa marigayin ya wuce rabin wa'adi, wato shekara 2, magajinsa sau ɗaya kawai zai iya sake cin zaɓe. Mahama wata biyar da 'yan kwanaki ya ƙarasa, shi ya sa doka ta ba shi damar wa'adi biyu nasa, na 2012 da na 2024. Idan shugaba da mataimaki suka rasu tare, Kakakin Majalisa ya riƙe, a yi sabon zaɓe cikin wata 3.

Idan rasuwar ta zo kafin zaɓe, bayan an rufe karɓar takardu, abokin takara ba ya gadon tuta kai tsaye. Sashe na 50 ya ba da ƙarin kwana 10 a kawo sabon suna. An ga haka da Madam Akua Donkor ta jam'iyyar GFP ta rasu a ƙarshen Oktoba 2024. Jam'iyyar ta gabatar da abokin takararta a madadinta, Hukumar Zaɓe ta ce takardunsa suna da kurakurai ta ƙi su, jam'iyyar ta rasa ɗan takara gaba ɗaya.

Wuri ɗaya ne kundi ya bari a buɗe. Sashe na 60 ya faɗi yadda za a naɗa sabon mataimaki idan tsohon ya hau kujerar shugaba, amma bai fayyace abin da za a yi ba idan mataimakin ne ya rasu ko ya yi murabus shugaba yana nan daram. Wannan giɓi ne da ya kamata a toshe a duk gyaran kundi da za a yi. Kafin a toshe shi, binciken lafiyar wanda za a ɗauka, a asibitin da ɗan takara ya yarda da shi kuma da yardar mutumin, ya shiga jerin abubuwan da ake kammalawa kafin a kai suna gaban dattawan jam'iyya.